“Ina Nan Tafe”: Abin da Zanen Yara Ya Tona Mana

A daren Asabar ɗin da ta wuce, a gidana da ke unguwar Talladje a nan Yamai, yara suna zaune a tabarma gaban talabijin suna kallon zanen nan mai motsi da suke kira desan anime, ni kuma ina gefe tare da wani dattijo maƙwabcina muna jiran kiran isha'i. Dattijon ya ɗan dubi allon, ya girgiza kai, ya ce mini: “Malam, kai ma da iliminka ka bar yara suna ɓata dare a kan shirme? Yanzu zomo ne zai koya wa ɗan Bahaushe zumunci?” Na yi murmushi na ce, “Baba, ai yara ne,” domin ba a jayayya da babba a gaban yara. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda ni na bi labarin tun daga farkonsa, kuma na san abin da ya sa na kasa ɗauke ido.

Labarin gajere ne, bai kai rubu'in awa ba. Wani ɗan zomo ne da wata bushiya, abokai tun suna ƙanana, suna da 'yar bukka da suka gina tare a gindin itace. Sai zomo ya yi sababbin abokai masu gudu irinsa. Kullum bushiya ta zo ta tsaya a bakin raminsa, shi kuma ya ce mata sai gobe. Ba su yi faɗa ba, ba wanda ya zagi wani. Wata rana dai ta daina zuwa, shi kuwa bai ma lura ba sai da damina ta wuce, ya bi ta wajen bukkar ya tarar rufin ya rufta, ciyawa ta cinye ƙofar. Da ya je wurinta yana cewa ai shi bai yi mata laifin komai ba, sai ta ce masa ba fushi ta yi ba, gajiya ta yi da jira.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana. Ɗan labarin nan ya taɓo wata cuta da ke cin mu, mu manya, wadda ba mu cika kiran sunanta ba, wato abotar da ke mutuwa ba tare da an yi rigima ba, kuma uban da ya kashe talabijin yana cewa shirme ne ya toshe bakin wata hira da shi ya kamata ya fara yi da 'ya'yansa. Ina ganin ya dace mu zauna mu kalli irin waɗannan tare da yaranmu, ya kuma dace mu riƙa yin namu da harshenmu. Ban yarda da duk abin da zanen ya nuna ba, zan kuma zo kan wannan a gaba.

Gaba tana da masu sulhu, sakaci ba shi da kowa

Idan mutum biyu suka yi faɗa a unguwa, kowa ya san hanyar da ake bi. Akwai liman, akwai mai unguwa, akwai dattawan da za su zaunar da su a karanto musu hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Ayyub al-Ansari, cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara yin sallama. Ko ba a yi wannan zaman ba, ranar salla tana nan zuwa, ana saukowa daga idi za a yi musabaha a ce a yafi juna. Gaba abu ce da ido ke gani, shi ya sa jama'a suka tanadar mata magani.

Amma wa zai kai ƙarar abokin da bai yi masa komai ba? Wane limami ne zai zaunar da mutum biyu waɗanda idan suka haɗu a kasuwar Wadata za su rungume juna, su tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, su rabu a kan “ina nan tafe in sha Allah”, alhali dukansu sun san ba mai zuwa? A ido lafiya lau suke. Shekara biyar za ta wuce a haka, ɗaya ya yi jinya ya warke ɗayan bai ji ba, ɗaya ya aurar da 'ya ɗayan ya gani a hoto. Tun da ba ranar da za a nuna a ce ga lokacin da abin ya lalace, ba kuma ranar da wani zai ji gyara ya zame masa dole.

Mun ma ƙware wajen lulluɓe abin da raha. “Idonka ke nan?” “Ka ɓuya.” “Ashe kana gari?” “Kai dai ba ka neman mutane.” Shi kuma ya ce, “Wallahi hidimomi ne suka yi yawa, ai kai ma ba ka nema na.” A yi dariya, an raba laifi gida biyu, kowa ya sa rabinsa a aljihu ya kama gabansa. Waɗannan kalmomi a asalinsu ƙorafi ne na gaske da aka naɗe cikin wasa don kada a kunyata mutum, kuma a da wanda aka faɗa wa yakan gane, ya ɗauki ƙafa kafin sati ya zagayo. Yau sun koma gaisuwa zalla, kamar “ina gajiya”. Abin da bushiya ta yi, wanda mu muka daina yi, shi ne ta ƙi karɓar rabin laifin da ba nata ba.

“Mu za a koya wa zumunci?”

Wannan ita ce hujjar maƙwabcina, kuma ba hujjar banza ba ce. Mu ne masu cewa zumunci a ƙafa yake. Mu ne masu wasan taubasantaka, tsakanin Ba'are da Bafillace, tsakanin Bagobiri da Bazabarme, al'adar da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam a shekarar 2014 da sunan Nijar. A addini kuma muna da labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya gamu da wani baƙauye a hanyar Makka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, don kawai mahaifin mutumin abokin Umar ne, ya kuma kafa hujja da faɗin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa yana daga mafificiyar biyayya mutum ya ci gaba da sadar da zumuncin masoyan mahaifinsa. Wanda ya gaji duk wannan, me zomon Turawa zai ƙara masa?

Amsata ita ce irin wannan gadon ba ya bin jini, gani ake yi a koya. Ni na tashi a Tawa ina ganin mahaifina, duk ranar Juma'a bayan la'asar, yana saɓa babbar riga ya fita zagayen gaisuwa da ƙafa, gida uku ko huɗu, sau da yawa ina biye da shi riƙe da ɗan ƙunshin goro. Ba ya zuwa da wata buƙata. Yakan zauna a zaure a kawo ruwa, a taɓa maganar damina da kuɗin tiyar hatsi, wani lokaci ma a yi shiru mai tsawo har in ƙosa in fara wasa da ƙasa, sannan ya miƙe a raka shi har bakin hanya. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga ma'anar abota. Na san gidajen abokan mahaifina da karnukan layinsu tun ban san dalilin zuwan ba.

To 'ya'yana fa, me suka gani? Sun ga uban da ke fita da safe ya dawo da dare, ya ci tuwo ya jingina da waya a hannu. Idan suka ga na sa manyan kaya na fita, to suna ne, ko ɗaurin aure, ko gaisuwar mutuwa. A fahimtarsu, babba ba ya zuwa gidan wani sai da dalili. Karin maganar suna jin ta a bakinmu, amma ƙafar da ake magana a kanta ba su taɓa ganin ta tashi ba. A irin wannan gida zomo bai ƙwace wa kowa aiki ba, wurin ya tarar ba kowa ya zauna.

Wayar da ke sa mu ji kamar mun je

Wani zai ce zamani ya canza, nesa ta zo kusa. Gaskiya ne, kuma ba Ba'adaren da zai raina waya. Mu da samarin ƙauyukanmu ke tafiya biɗa Abijan da Libiya da Najeriya da zarar an gama girbi, mun san lokacin da ake aiko saƙo cikin kaset, a tara iyali a tsakar gida a kunna rediyo, a saurari muryar da aka ɗauka wata biyu da suka wuce. Yau tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana aika wa ɗanta saƙon murya ta WhatsApp, ta ji amsa kafin ta gama alwala. Wanda ke Abijan waya ce ƙafarsa, ba ni da ta cewa a kansa.

Maganata a kan wanda ke cikin gari ɗaya da kai ce. Hoton barka da Juma'a mai furanni da ake tura wa mutum ɗari a danna guda bai zama gaisuwa ga ko ɗaya daga cikinsu ba, amma yana kwantar wa mai turawa hankali, ya ji kamar ya sauke nauyi. A rukunin tsofaffin 'yan aji ana raha dare da rana, sai dai idan mutum ɗaya ya yi shiru wata uku ba mai lura, domin surutun sauran ya rufe gurbinsa. A fada kuwa, wadda matasan ƙasar nan suka mayar wurin zamansu tun shekarun 1990, idan aka zuba shayin farko aka ga kofi ɗaya ba mai karɓa, nan take za a ce ina wane, kuma kafin a kai ga na uku an tura yaro ya dubo shi. Da yawa daga cikinmu mun bar bencin fada da muka yi aure muka samu aiki, ba mu kuma samar da wani abu da zai riƙa nuna mana wanda ya ɓace ba.

Kunyar zuwa hannu rabbana

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta aljihu. Yamai ta faɗaɗa ƙwarai. Abokan da suka tashi a layi ɗaya a Bukoki, yau wani yana wajen filin jirgi, wani yana bayan kogi, kuma kuɗin taksi zuwa da dawowa yana iya zama kuɗin cefanen yini ga mai ƙaramin ƙarfi. Ga kuma nauyin shiga gidan da akwai yara hannu rabbana. Mafi ciwo shi ne idan ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba: mara hali yana gudun a ce roƙo ya kawo shi, mai hali kuma yana gudun a roƙe shi, ko a ce ya zo nuna mota. Wannan duk zanen bai san da shi ba, domin zomo da bushiya ba sa biyan kuɗin haya.

Na yarda da wannan baki ɗaya. Sai dai ranar da aka ce wane ya rasu, kuɗin mota yana fitowa. Tsakanin Yamai da Tawa kimanin kilomita 550 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar yini, kuma na sha ganin mutane sun ci bashi sun kama motar asuba don su riski addu'ar uku ta mutumin da suka yi shekara bakwai ba su taka ƙofar gidansa ba. Ban ce kada a je ba, haƙƙi ne. Cewa nake yi wanda ya iya nemo kuɗin zuwa gaisuwar mutuwa, ba rashin kuɗi kaɗai ya hana shi gaida mutumin yana da rai ba. Ta'aziyya tana da ranarta, kuma idon jama'a yana kan wanda bai zo ba. Ziyarar mai rai kuwa ba a sa mata rana, ba kuma mai ƙirga wanda ya yi ta, shi ya sa kullum take komawa gobe.

Akwai masu cewa ba kowace abota ce ta cancanci a tayar da ita ba. Haka ne, abokin da ke jan ka ga halaka nisa da shi alheri ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin waɗanda muka yar ba miyagu ba ne, amfaninsu ne ya ragu a matsayin da muka kai.

Inda zanen ya sauƙaƙa abin da ba sauƙi

Ƙarshen labarin ne ban gamsu da shi ba. Zomo ya zuba kalmomin ban haƙuri masu daɗi, bushiya ta share hawaye, aka sa waƙa, cikin minti biyu bukka ta miƙe ta fi da kyau. Yaron da ya ɗauki wannan a matsayin gaskiya zai sha mamaki ranar da ya nemi gafara aka ce masa “ba komai”, amma fuska ba ta saku ba.

Sannan salon maganar ba namu ba ne. A wurinmu magidanci ba ya zama gaban abokinsa ya zayyana abin da ke zuciyarsa ɗaya bayan ɗaya, akwai kunya, akwai kawaici, kuma ba na kallon waɗannan a matsayin naƙasu. Zuwan da ka yi shi ne ban haƙurin, kowa ya gane ba sai an furta ba, komawarka karo na biyu da na uku kuma ita ce shaidar cewa da gaske kake. Wannan bayani ba mai yi wa yaro shi sai wanda ke zaune kusa da shi lokacin da ake kallon, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin kashe talabijin da barin yara su kaɗai gabanta duk gudun aiki ne iri ɗaya.

Ga kuma batun harshe. Da Faransanci aka yi zanen, ƙaramin ɗana da bai shiga lakwal ba sai taɓa yayarsa yake yi yana cewa, “Yaya, me ta ce?” Jimlar da ta fi kowace muhimmanci a labarin, a bakin yarinya 'yar shekara tara ya same ta, rabi da rabi.

Kwaɗin Tawa

Wanda ke ganin zane mai motsi kayan baƙi ne ya manta da Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, kuma ake lissafa shi cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka. Ya yi aiki tare da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, gwanin zane mai motsi, sannan ya yi shekaru da dama zaune a Tawa, inda ya mayar da wasu ɗakunan otal ɗinsa wurin aikin fim. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, inda ya yi wa shugabannin lokacin shaguɓe da kwaɗi, daga baya kuma ya yi Kokoa, ya sa dabbobi a filin kokawa. Shi ma ba daga sama ya ɗauko dabarar ba. Tun kafin a kawo lantarki, Gizo da Ƙoƙi da kura da dila ne suke koya wa yaran Hausawa abin da babba ke jin nauyin faɗa kai tsaye. Dattijon da ya ce zomo ba zai koyar da zumunci ba, a bakin kakarsa ya fara jin “ga ta nan, ga ta nanku”.

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan ana son wannan ya wuce takarda, to ɗaya daga wuraren da za a gane shi ne tabarmar yara bayan magariba. Gidajen talabijin namu, na gwamnati da masu zaman kansu, da matasan da suka iya zane a kwamfuta, suna da labaran da ba wani baƙo da zai rubuta mana: wanda ya dawo daga Libiya ba ko sisi yana ɓoye wa abokansa, yarinyar da aka yi wa ƙawarta aure aka kai ta wata unguwa, yaron da aka tura abokinsa karatun allo wani gari. A irin waɗannan labaran ba sai an tilasta wa kowa doguwar magana ba, sallama a ƙofar gida ta isa ta ɗauki nauyin wurin.

Abin da ban faɗa wa maƙwabcina ba shi ne, bayan ya tafi masallaci na tsaya ɗaukar hula, sai 'yata ta ce, “Baba, ina Kawu na Harobanda, wanda yake kawo mana dabino?” Abokina ne tun muna benci ɗaya a lakwal a Tawa, ni na riƙe ragon sunan ɗansa na fari, gidansa kuma yana unguwar Harobanda, a ƙetaren kogi. Gada uku ce a kan kogin Isa a cikin Yamai: ta Kennedy tun 1970, ta biyu da aka buɗe a 2011 wadda sunanta ma gadar abotar Sin da Nijar, da ta Seyni Kountché a 2021. Na lissafa, shekara huɗu ban hau ko ɗaya da niyyar zuwa gidansa ba, alhali duk Juma'a ina tura masa furanni.

Washegari Lahadi na ɗauki yarinyar muka haye. Na yi sallama, wani saurayi ya leƙo, ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce, “Wa za a ce?” Shi ne yaron da na riƙe wa rago. Mahaifinsa ya fito yana gyara hula, ya rame fiye da yadda na san shi, ya dube ni ya ce, “Idonka ke nan?” Na buɗe baki zan ce hidimomi ne, sai na haɗiye, na ce, “Laifina ne.” Ya ce, “Haba, ba komai,” ya sa aka kawo tabarma da gawayi. A wajen shayi na biyu ne na ji cewa ya yi wata biyu a kwance bara, har an yi masa aiki. Ya faɗe shi ne a tsakiyar wata magana, bai dube ni ba.

Da muka tashi tafiya ya ba yarinyar 'yan kuɗin alewa. A da idan na zo yakan raka ni har bakin kwalta, mu tsaya nan ma mu ƙara wata rabin awa muna barin taksi suna wucewa. Ranar nan a bakin ƙofa ya tsaya, ya ce in gaida gida. Na ce masa ina nan tafe Lahadi mai zuwa. Ya ce, “Allah ya kai mu,” ya koma ciki kafin mu kai kwana.